Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Dillalan Filaye Da Gidaje Na Birnin Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da iyalanku da dukkan masu cin abinci a ƙarƙashin wannan sana'a, na rubuto ne a kan wani baƙo da ya shigo harkarku ba tare da ya yi sallama ba, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda matasa ke kira AI. Ni ba dillali ba ne. Magatakarda ne a wani ofishin lauyoyi a cikin garin nan, kuma a kan teburina ake ajiye takardun cinikin da kuka ƙulla, waɗanda aka rabu lafiya a kansu da waɗanda suka ƙare a gaban alƙali. Ku ne kuke ganin farkon ciniki, mu kuma ƙarshensa muke gani, kuma abin da ke isowa gare mu a 'yan shekarun nan shi ya sa na ga ya kamata in yi magana a bainar jama'a.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya saki manhajar ChatGPT, a 2024 kuma kamfanin Meta ya saka tasa basirar a cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a Najeriya. Tun daga lokacin, duk dillalin da ke riƙe da babbar waya yana yawo da abin da zai rubuta masa talla, ya gyara masa hoto, ya fassara masa Turanci, ya tsara masa yarjejeniya, har ya faɗa masa kuɗin da ya kamata a sayar da gida. Babu ƙungiyar da aka tuntuɓa, babu kuma wanda ya zauna ya koyar da kowa inda amfanin abin ya tsaya. Abin da na lura da shi shi ne wannan na'ura ba ta sauya halin mutum, saurin abin da ya saba yi kawai take ƙara masa. Dillalin da ya saba bincike kafin ya buɗe baki ya samu mataimaki, wanda kuma ya saba rufa-rufa ya samu kayan aikin da bai taɓa mafarkin samu ba. Don haka maganar da nake son mu yi ta fi shafar ɗabi'un da dillali ke tashi da su kullum safiya fiye da ita kanta wayar.

Kun fi ni sanin abin da mai saye ke biya idan ya ba dillali la'ada. Ba nuna masa ƙofar gida yake biya ba, domin yaron unguwa ma zai iya nuna masa. Yana biyan sanin da dillali ya tara da ƙafarsa. Dattijon dillali ya san layin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta domin ya taɓa bi ta wurin da wandonsa a naɗe, ya san fulotin da asalinsa kududdufi ne aka cike shi da shara da ɓaraguzai, ya san gidan gadon da ke da mace guda cikin magada wadda take aure a wani gari kuma ba a nemi yardarta ba, ya san wanda ke da haƙƙin shuf'a, wato fifikon saye kafin bare, ko maƙwabcin da aka daɗe ana jayayyar iyaka da shi. Ya san haka ne saboda yana zama da mai unguwa, yana zuwa suna da jana'iza, yana tsayawa bayan sallar la'asar a ji abin da ake ciki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a intanet, kuma ƙirƙirarriyar basira ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta aka ciyar da ita.

Wannan gaskiya ta fi ƙarfi a Kano fiye da wurare da yawa. Birnin ya bazu a ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, kuma babban kaso na sabbin unguwannin da ke tasowa a bakin gari awon igiya ne, gonaki ne da aka yanka aka sayar da takardar ciniki mai ɗauke da hannun shaidu da mai unguwa, ba tare da sun shiga taswirar gwamnati ba. Manhajar da aka gina da rubuce-rubucen Amurka da Ingila ba ta san bambancin wannan fuloti da wanda ke da shaidar mallaka a Nasarawa GRA ko Bompai ba, amma idan aka tambaye ta za ta ba da amsa cikin ƙarfin hali da Turanci mai santsi, kamar wadda ta taka wurin.

Mu fara da farashi, domin a nan ne na fi jin ana kafa hujja da ita. An fara zuwa wurin ciniki mai gida ya ɗaga waya ya ce na'ura ta ce gidansa ya kai kaza, mai saye shi ma ya ɗaga tasa ya ce ta faɗa masa ƙasa da haka. Dukansu biyu ba su tsaya sun tambayi daga ina ta samo lissafin ba. Kuɗin da ake gani a shafukan talla kuɗin da aka sa wa gida ne, ba wanda aka sallama a kai ba, kuma kun san nisan da ke tsakanin taya da sallamawa, musamman idan gidan ya bi ta hannun dillalai biyar kowa ya ɗora nasa. Ainihin kuɗin da aka biya yana cikin cikunan mutum uku ko huɗu ne, wani lokaci ma takardar da aka rubuta ba ta faɗe shi daidai ba. Ga kuma faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 da tashin kuɗin siminti da rodi, waɗanda suka mayar da farashin bara tsohon labari. A Amurka, inda kusan kowane ciniki yana da rajista a hukumance, kamfanin harkar gidaje na Zillow ya dogara da lissafin kwamfuta wajen sayen dubban gidaje don ya sake sayarwa, amma a watan Nuwamba na 2021 ya rufe wannan sashe baki ɗaya, bayan ya bayyana cewa ya sayi gidaje sama da ƙimarsu, ya rage fiye da dala miliyan 300 daga darajar gidajen da ke hannunsa, ya kuma sanar da sallamar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Idan masu tarin bayanai irin wannan sun yi tuntuɓe, ban ga dalilin da zai sa mai gida a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ya ɗauki lambar da waya ta ba shi a matsayin hukunci ba.

Maganar hoto ta fi wannan muni, domin ita ta shiga haramun kai tsaye. Kwanakin baya an kawo mana wata rigima a ofis, tsakanin wani ma'aikaci da ke zaune a Abuja da dillalin da ya nemo masa gida. An tura masa hotuna masu kyau, ya biya kafin alƙalami bai zo ya gani ba. Da aka ajiye hoton da aka tura masa kusa da wanda ƙaninsa ya ɗauka bayan mako biyu, sai muka ga gida ɗaya ne amma kamar ba shi ba. A hoton farko bangon tsakar gida fari ne tas har ƙasa, a na biyu kuwa ga layin danshi nan baƙi-baƙi ya kai gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidan an shafe ta an mayar da wurin daɓe, wayoyin babban layin lantarki da suka ratsa saman rufin su ma sun ɓace, an bar sararin samaniya shuɗi. Dillalin ya rantse cewa shi cewa kawai ya yi manhaja ta ƙara wa hoton haske, ta yi abin da ta ga dama. Ko da an gaskata shi, ya kalli hoton kafin ya tura, kuma ya san gidan. Ɓoye aibin kaya algus ne, kuma hadisin da Imam Muslim ya ruwaito a kan mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshen a sama ya isa hujja, domin a nan ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Sauya kayan aikin algus daga hannu zuwa manhaja bai sauya hukuncin ba. Ina roƙon ku kafa doka a tsakaninku cewa duk hoton da aka taɓa sai an faɗa, kuma ba a karɓar ko sisi a hannun wanda bai zo ba ko bai aiko wakilinsa ya taka wurin ba, domin cinikin biri a sama bai taɓa zama alheri ga sana'arku ba. Haka ma masu buɗe asusun bogi a Facebook da TikTok suna rubuta cewa sun taya gida kaza don su zuga mai saye, wannan shi ne najashin da malamai suka daɗe suna hanawa a kasuwa.

Sai takardun yarjejeniya, waɗanda su ne abincina na yau da kullum. Da can matsalarmu ita ce takarda mai layi huɗu da ba ta faɗi iyakoki ba. Yanzu kuma ana kawo mana takarda mai shafi shida, Turanci ya zauna daram, amma idan ka karanta sai ka ga ta ambaci dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 a kan gidan da ke Hotoro, ko ta kawo sunan wata doka da babu ita a ko'ina, domin waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro abin da ba su sani ba su jera shi kamar gaskiya. Mafi yawansu ba sa ambaton abin da ya fi komai muhimmanci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 kuma ya ce wanda ke riƙe da haƙƙin mallakar da gwamna ya bayar ba zai mayar da shi ga wani ba sai da amincewar gwamna, yayin da sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka saboda buƙatar jama'a. Takardar da ba ta san da wannan ba, ba ta kuma tanadi sa hannun dukkan magada ko shaidar rabon gado daga kotu ba, kyanta bai wuce na ido ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sau da yawa mai saye da mai sayarwa da dillalin duk ba su iya karanta abin da suka sa wa hannu ba, sun dai ga ya yi kama da aikin lauya sai suka natsu. Wani zai ce ina kare abincin ofishinmu ne. Ba na musun cewa muna samu, amma abin da muke samu a shari'ar fili guda ya ninka abin da muke samu a rubuta yarjejeniya sau da yawa, saboda haka da son kai ne da shiru na yi.

Jabun takardu ba yau aka fara su ba, sai dai a da ana buƙatar gwani da lokaci, yau kuwa hoton takardar gaskiya guda ɗaya ya isa a fitar da irinta da wani suna. Wannan ya sa dole duba takarda da ido ya daina zama bincike. Bincike shi ne a ɗauki lambar fayil a je hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen Kano da Ma'aikatar Ƙasa a tabbatar da sunan da ke rajista, a leƙa hukumar tsara birane ta KNUPDA a ji ko wurin hanya ce ko magudanar ruwa ko filin makaranta a taswira, a kuma tambaya ko yana kan layin wani babban aiki kamar bututun iskar gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) ko titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi. Rushe-rushen da aka yi a watan Yuni na 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kansu, sun nuna wa kowa cewa tarihin fili yana iya tasowa bayan an gama gini an zuba kaya. Babu manhajar da za ta je waɗannan ofisoshi a madadin dillali.

Haka kuma murya. Rabin cinikin garin nan da saƙon murya ake yin sa, Alhaji yana Saudiyya ko Legas ya turo cewa ya amince, a tura kuɗin asusu kaza. Yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren abin da ya taɓa faɗa, kuma duk wanda ya taɓa yin jawabi a taron biki aka ɗauka ya riga ya ba da samfuri. Ya kamata ya zama al'adar kowane dillali cewa ba a motsa kuɗi a kan saƙon murya, sai an kira mutum a lambar da aka san shi da ita, kuma sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan da ke kan takardar mallaka. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki, kuma masu harkar gidaje suna cikin waɗanda aka wajabta wa rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Da yawa daga cikin mambobinku ba su taɓa jin wannan ba.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare wadda nake ganin ta cancanci tsawatarwa daga gare ku, ita ce watsa takardun mutane. Ana ɗaukar hoton shaidar mallaka da sunan mai ita da hotonsa da lambar fayil a jefa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, ko a loda katin NIN na mai saye a cikin manhaja don ta cike fom. Wanda ya yi haka bai san inda takardar za ta kwana ba, ya kuma miƙa wa masu jabu samfuri kyauta, ya sanar da ɓata-gari wanda ya mallaki me da wanda ya karɓi kuɗi jiya. Marayu da matan da mazajensu suka rasu su ne suka fi shiga wannan haɗari, domin su ne ba su da mai bi musu kadi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe da bayanan wani, amma tun kafin ita amana ta riga ta ɗora.

Kada a ɗauka ina kira ne a jefar da wayoyi. Na ga dillalan da abin ya amfana ƙwarai, kuma kusan dukkansu mutane ne masu tsari tun asali. Akwai wani matashi da ke kawo mana aiki, wanda duk gidan da ya shiga sai ya tsaya a ƙofa ya yi wa wayarsa bayani da baki, ɗaki nawa, rijiya ko burtsatse, ina ruwan sama ke fita, wa ya ba shi makulli, me mai unguwa ya ce, sa'an nan da daddare ya sa manhaja ta mayar da bayanin rubutu, ya karanta ya gyara inda ta kasa jin Hausarsa, ya adana tare da ranar da lambobin wurin a taswira. Kafin ya kai mai saye fili yakan buɗe tsofaffin hotunan sama na Google Earth ya duba yadda wurin yake shekaru goma da suka wuce, ko gona ce ko rami. Idan baƙo ya zo daga Damagaram da takarda cikin Faransanci, yana samun fassarar da za ta ba shi haske kafin a nemi mai fassara na gaske. Wayar tana tuna masa ranar da hayar kowane gida za ta ƙare da wanda ya yi wa alkawarin kira. Duk wannan bai hana shi zuwa gaishe da dattawan unguwa ba, lokacin zuwan ma ya ƙara samu. Idan rigima ta tashi a kan cinikinsa, cikin minti biyar yake fito da abin da aka faɗa da ranar da aka faɗe shi, kuma ban taɓa ganin takardarsa ta kai kotu ba.

Matsalar ita ce irin wannan matashi da dattawan da suka san ƙasa ba sa haɗuwa. Dattijo yana ganin yaran TikTok sun ɓata sana'a, yaro kuma yana ganin dattijo ya tsufa da zamani, alhali kowannensu yana riƙe da rabin abin da ɗayan ke buƙata. Duk dattijon dillali da ya rasu yana tafiya da tarihin unguwa guda a kansa, wane ya sayar wa wane, ina iyakar gonar wane ta tsaya kafin a yanka ta. Da ƙungiyoyinku za su haɗa kowane dattijo da matashi guda mai riƙon amana, a riƙa rubuta wannan sani ana adana shi a hannun ƙungiya, tare da ainihin kuɗin da aka sallama gidaje unguwa-unguwa ba tare da sunayen masu su ba, da nan da 'yan shekaru Kano ta mallaki bayanan da za a iya dogara da su wajen ƙiyasta farashi, kuma da ku ne masu su, ba wani kamfani daga waje da zai zo ya tattara ya dawo yana sayar muku ba.

Abin da nake roƙo a gare ku bai fi ƙarfinku ba. Ku san mambobinku ta hanyar rajista da katin shaida mai lamba, yadda mai saye zai iya kiran ofishin ƙungiya ya tabbatar da wanda yake magana da shi, domin a yau duk mai waya da data dillali ne. Ku zauna da lauyoyi da malaman fiƙihu da ƙwararrun masu ƙiyasta kadarori na ƙungiyar NIESV a fitar da takardar ciniki da ta haya guda ɗaya, Hausa a gefe Turanci a gefe, wadda kowa zai karanta ya gane kafin ya sa hannu. Ku nemi zama da hukumomin ƙasa na jiha a kan sauƙaƙa binciken fayil ga dillali mai rajista, a san kuɗinsa a san kwanakinsa, domin wahalar bincike ce ke sa mutane tsallake shi. Wanda kuma aka kama da gyararren hoto ko jabun takarda ko muryar bogi, a hukunta shi a cikin gida a sanar da sauran rassa, kada a bari sai 'yan sanda sun zo sun tafi da sunan sana'ar gaba ɗaya.

Idan kun ga dacewar kiran taro a kan wannan kafin damina mai zuwa, lokacin da aibin gidaje ke fitowa fili kuma rigingimu ke yawaita, ni da wasu abokan aikina a shirye muke mu zo da misalan takardun da muka ambata, bayan mun shafe sunayen masu su, mu nuna wa mambobinku inda kowace ta karkace.

Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a cikin nemanku.

Wassalam.

Naku,
Wani magatakarda a ofishin lauyoyi, Kano.